Lafiya Uwar Jiki: Kwaɗayin Da Ke Zuwa A Kan Lokaci

    

A wannan watan za mu tsaya ne a kan wata wasiƙa da ta iso mana daga Haɗeja ta Jihar Jigawa. Baiwar Allah da ta rubuto ta roƙi a sakaya sunanta, mun kuma sakaya. Uwa ce mai 'ya'ya biyar, shekarunta sun ɗan haura 40. Ta ce an auna ta a asibiti, likita ya gaya mata sukarin jininta ya fara hawa. Bai kai ga zama ciwon sukari ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. Ya umarce ta da ta rage ƙiba, ta kuma yi nesa da zaƙi da soye-soye. Maganar ta tsorata ta ƙwarai, domin ciwon sukari ne ya kwantar da mahaifiyarta shekara da shekaru, har ta kai ga an yanke mata ƙafa.

Ta ce sau uku tana ɗaura ɗamara, sau uku tana kwancewa. Da safe ba ta da matsala, haka ma da rana. Amma da zarar la'asar ta yi, yarinya mai tallan awara ta yi sallama a zaure, sai yawunta ya tsinke, ko da kuwa bai fi awa guda ba da tashinta daga kan kwanon shinkafa. Da dare kuma in an idar da Isha'i an kunna talabijin, ba ta iya zama sai da kwalbar lemo mai sanyi da ɗan cincin a gefe. A karo na uku ta yi mako uku cur tana riƙe da kanta, sai ga bikin 'yar ƙanwarta a Malam Madori, daga nan komai ya rushe.

Ta rufe wasiƙar da tambaya biyu. Ta farko, shin rashin zuciya ne ke damunta, ko kuwa baki ne ya kama ta? Ta biyu ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Me ya sa a watan azumi ita ke tsayawa gaban kasko tun la'asar tana suyar ƙosai da dankali na gida kakaf amma ko a jikinta, alhali a sauran watanni sallamar mai awara kaɗai ta isa ta karya ta?

'Yar uwa, amsar tambayarki ta farko tana cikin ta biyu. Mai rashin zuciya ba ta kai azumi talatin. Ba kuma baki ba ne. Abin da ke damunki sunansa sabo, kuma ba ke kaɗai ba ce. In kin fahimci yadda sabon ya shiga, za ki san ƙofar da za ki fitar da shi.

Darasi daga tsakar gida

Duk mace mai kiwo ta san wannan abu. Ki ɗauki ƙwaryar tsaba ki girgiza, kafin ki watsa ko ƙwaya ɗaya kaji sun baibaye ki. Akuya ta san ƙarar bokitin dusa. Masu kiwon tarwaɗa za su gaya miki cewa kifin da aka saba ba abinci a lokaci ɗaya kullum, da ya ji takun mai ba shi sai ya taso saman ruwa, tun hannu bai shiga buhu ba. Ba a ƙyanƙyashe kaza da sanin ƙwarya ba. Koya ta yi. Yau ƙara sannan tsaba, gobe ƙara sannan tsaba, har ƙarar ta zama alkawarin abinci.

Mu ma haka jikinmu yake. Mai shayarwa takan ji kukan jariri, wani lokaci ma ba nata ba, sai nono ya kawo ruwa har ya jiƙa mata riga. Ba ta yi niyya ba, ba kuma za ta iya hanawa ba. Yanzu in na ce miki tsamiya ko lemon tsami, na tabbata bakinki ya kawo ruwa.

Wanda ya fara auna wannan al'amari da ma'auni shi ne wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Ivan Pavlov, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 1904 saboda bincikensa a kan narkewar abinci. Yana aiki da karnuka, sai ya lura suna fara zubar da yawu tun daga ganin mai kawo musu abinci ko jin takunsa. Sai ya riƙa kunna wata na'ura mai bugu kamar agogo kafin a ba su abinci. Bayan maimaici, bugun kaɗai ya isa ya tsinka musu yawu. A bakin mutane labarin ya shahara da sunan ƙararrawa, don haka mu ma a nan za mu kira duk wata alamar da ke kiran ci da ƙararrawa. Sallamar mai awara ƙararrawa ce. La'asar ƙararrawa ce. Kiɗan buɗe fim ɗin dare ma haka.

Me ke faruwa a cikin jiki?

Idan ƙararrawa ta kaɗa, jiki yakan fara shirin karɓar baƙo. Yawu ya zubo, tumbi ya fara fitar da ruwan narkar da abinci, wani lokaci har da ɗan sinadarin insulin mai sarrafa sukari. Akwai kuma wani sinadari da tumbi ke fitarwa mai suna girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999. Shi ke isar da saƙon yunwa ga ƙwaƙwalwa. An lura yakan ƙaru gab da lokacin da mutum ya saba cin abinci, ya sauka bayan an ci. Wato shi ma ya san agogon gidanki.

A ƙwaƙwalwa kuma akwai sinadarin dofamin, mai zaburar da mutum ya tashi ya nemi abu. Wani masani mai suna Wolfram Schultz ya nuna a shekarun 1990, ta hanyar gwaji da birai, cewa da farko ƙwayoyin dofamin suna motsawa ne idan ruwan 'ya'yan itace ya taɓa harshe. Amma da biri ya koyi alamar da ke zuwa kafin ruwan, sai motsin ya koma kan alamar. Shi ya sa zumuɗin ya fi ƙarfi kafin lomar farko, kuma shi ya sa sau da yawa bayan kin cinye sai ki ce, "Ashe ma ba wani daɗi."

Abin da ya fi shafar mai son rage ƙiba shi ne, ƙararrawa ba ta tambayar ciki ko ya ƙoshi. A 1983 wani masani a Kanada, Harvey Weingarten, ya saba wa ɓeraye da ƙara da haske kafin kowane ci. Daga baya ya bar musu abinci suka ci suka ƙoshi, amma da ya kunna alamar sai suka koma kan kwano. A 1989 Leann Birch da abokan aikinta a Amurka suka samu irin wannan sakamako a ƙananan yara. Yaran da aka saba wa cin ƙwalama a wani wuri tare da wani kiɗa da fitila, ko bayan sun ƙoshi, in aka mayar da su wurin aka kunna alamar sai su yi saurin kai hannu.

Saboda haka ki rarrabe yunwa da kwaɗayi. Yunwa a hankali take zuwa, tana ƙaruwa in an bar ta, kuma ba ta da zaɓe. Kwaɗayi kuwa farat ɗaya yake faɗowa, yana da lokacinsa da wurinsa, yana kuma ambaton sunan abin da yake so. Ga gwaji mai sauƙi. Ki tambayi kanki, "Da ɗumamen tuwon jiya aka miƙo mini yanzu, zan ci?" In amsar ita ce e, yunwa ce, ki ci abinci. In kuwa sai dai awara, to ƙararrawa ce ta kaɗa.

Uwargida a tsakiyar ƙararrawa take kwana

Allah Ya albarkaci ƙasar Haɗeja da fadama. Daga gonakin noman rani na Auyo zuwa Kiri Kasamma da Guri, ga shinkafa, ga alkama, ga rake, ga kankana, ga kayan miya, ga kuma kifin da ya sa sunan kasuwar Haɗeja ya kai har kudancin ƙasar nan. Wannan ni'ima ce abin godiya. Sai dai rayuwar mace a cikin gari ta sauya. Kakanninmu tuwon gero ko na dawa suke ci, su sha fura da rana, ga surfe, ga daka, ga ɗebo ruwa. Ƙwalama sai ranar kasuwa ko ranar biki. Yau kuwa inji ke niƙa, farar shinkafa da taliya da kayan fulawa sun shige gaba, ƙwalama kuma ita ke biyo mu har ɗaki. Mai ƙosai da safe, mai fanke da hantsi, mai awara da la'asar, mai gullisuwa da kantun riɗi a tsakani, ƙamshin soyayyen kifi da magariba, ledar maigida da dare.

Ga kuma waya a hannu. A 2016 wasu masana biyu mata a Jami'ar Yale ta Amurka, Rebecca Boswell da Hedy Kober, sun tattara bincike 45 da suka ƙunshi mutum fiye da 3,000. Sun samu cewa yawan motsuwar mutum ga alamomin abinci yana hasashen yawan cinsa da kuma ƙaruwar nauyinsa. Sun kuma samu cewa hotuna da bidiyon abinci suna da ƙarfi kamar ganin abincin a zahiri. To ina ga mai kwanciya da bidiyon girke-girke a gaban idonta?

Sannan uwargida ba ta da damar guje wa abinci kamar yadda maigida zai fice kasuwa ko ofis. Ita ke ɗanɗana gishiri. Ita ke kankare ƙanzo. Ita ke cinye ragowar yara don kada a yi asara. Ta ci da yara da magariba, in ranar girkinta ce ta sake taya maigida bayan Isha'i. Kowanne ɗaya daga cikin waɗannan, in ya maimaitu, ya zama ƙararrawa mai zaman kanta.

Sirrin watan azumi

Yanzu mu dawo kan tambayarki ta biyu. Pavlov ya gano wani abu bayan na farko. Idan aka yi ta kunna alamar ba a kawo abinci ba, yawun yakan ragu sannu a hankali har ya tsaya. Jiki ya koyi sabon darasi, cewa wannan alama ta daina cika alkawari.

Abin da ke faruwa da ke a azumi ke nan. Ranar farko da ta biyu azahar na yi ciki zai fara ƙugi, ƙamshin kasko ya dame ki. Kafin a kai goman tsakiya, kina juya ƙosai hankalinki na wani wuri. A 1998 wasu masana a Ingila, cikinsu har da Peter Rogers, sun buga binciken da suka yi a kan Musulmi kimanin 40, maza da mata, masu azumin Ramadan. Sun samu cewa yunwar da matan ke ji da rana ta fi tsanani a kwanakin farko, sannan ta ragu da watan ya yi nisa, alhali ta mazan ba ta sauya sosai ba. Bayanin da suka kawo shi ne, mazan sun fi yini a waje nesa da abinci, matan kuwa suna cikin girki suna gani suna shaƙa ba tare da sun ci ba, har alamomin suka rage ƙarfi.

Akwai kuma wani sirrin. Mai azumi ba ta ciniki da zuciyarta. Ta san babu ci sai an kira magariba, don haka babu "ko in ɗan taɓa." Inda babu tsammani, kwaɗayi ba ya samun wurin zama. Ki lura kuma da yadda kiran sallar magariba da kansa ke zama ƙararrawa a wannan wata, har bayan Sallah ki ji bakinki na neman kunu da dabino a daidai lokacin.

A Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan, Farfesa Anita Jansen da ɗalibanta sun mayar da wannan hanya magani. Ana sa mutum ya riƙe abincin da ya fi rinjayarsa, ya kalla, ya shinshina, ba tare da ya ci ba, a maimaita a zama da dama. Waɗanda aka yi wa haka sun rage cin abincin da aka gwada su da shi, sai dai ribar ba ta cika tsallakawa zuwa sauran nau'o'in abinci ba. Ma'ana, kowace ƙararrawa da nata darasin. Cin nasara a kan awara ba ya nufin an gama da lemo.

Sabo ba ya mutuwa, barci yake yi

Nan ne mata da yawa ke karaya, don ba a gaya musu gaskiya ba. Wani masani a Jami'ar Vermont ta Amurka, Mark Bouton, ya shafe shekaru yana nuna cewa sabon darasi ba ya goge tsohon, danne shi kawai yake yi. Tsohon yana nan, kuma yana da hanyoyin farkawa.

Hanya ta farko ita ce wucewar lokaci. Bayan makonni kina zaune lafiya, wata rana kwaɗayin ya dawo haka kawai. Ta biyu ita ce sauyin wuri. Kin koyi haƙuri a tsakar gidanki, amma ba ki koye shi a gidan biki ba, ko a ɗakin mahaifiyarki, ko a mota kan hanyar Kano. Abin da ya same ki a Malam Madori ke nan. Ta uku ita ce sake ɗanɗanawa ba shiri, musamman a lokacin ɓacin rai ko gajiya. Haka kuma binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna ɗan nauyin da ake saukewa a Ramadan yakan dawo cikin 'yan makonni bayan Sallah, domin an koma tsohon lokaci da tsofaffin alamomi.

Don haka in kwaɗayi ya dawo, ba alama ba ce ta cewa wahalarki ta tashi a banza. Haka abin yake ga kowa. Wadda ta san zai dawo ba ta firgita in ya yi sallama.

Akwai kuma tarkon "yau ɗaya dai." Kin san akuyar maƙwabta. In kullum ta shigo ta tarar an rufe rumbu, za ta gaji ta daina zuwa. Amma in sau ɗaya a cikin biyar tana samun tsaba, ba za ta taɓa fasawa ba. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa sabon da ake saka wa jefi-jefi ya fi wuyar kankaruwa fiye da wanda ake saka wa kullum. Mai hana kanta kwana huɗu ta saya a na biyar, a daidai lokacin da aka saba kuma a daidai wurin, tana koya wa jikinta naci ne.

To mene ne abin yi?

Na farko, ki san ƙararrawarki. Ki samu littafin yara ki yi mako guda kina rubuta duk abin da kika ci ba lokacin abinci ba: ƙarfe nawa, a ina, me kika gani ko kika ji, wa ke tare da ke, kuma yaya zuciyarki take. Za ki tarar ba su fi uku ko huɗu ba. Ki fara da guda ɗaya.

Na biyu, ki tsayar da lokacin ci da wurin ci. Sau uku a rana, a zaune, a tabarma ɗaya, a kwanonki na kanki, talabijin a kashe, waya a ajiye. Ba ci a tsaye a madafa, ba ci a kan gado. Idan ci ya zama yana da wuri ɗaya, sauran wuraren gidan sai su daina kiranki.

Na uku, wadda za ta kawu ki kawar da ita. Ki kira yarinya mai awara ki ce mata da daɗin baki, "'Yata, likita ya hana ni, ki daina tsayawa nan da la'asar." Kada a ajiye katan ɗin lemo a gida. Cincin ɗin baƙi ya koma can ƙasan akwati ko ɗakin wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini ga babba, in ya tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo ɗaya takan ƙunshi wajen cokali 8 zuwa 9.

Na huɗu, wadda ba za ta kawu ba ki fuskance ta kamar yadda kike yi a azumi. La'asar ba za ta daina yi ba, girki ma ba za ki daina ba. In kwaɗayin ya taso ki ce a ranki, "Ga ƙararrawa ta kaɗa," ki duba agogo ki ba shi minti 15. Yakan hau, ya kai ƙololuwa, sannan ya sauko da kansa. Duk ranar da ya zo ya tafi hannu wofi, kin rage masa ƙarfi.

Na biyar, ki ba lokacin sabon aiki. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Da la'asar ki sa shara, ko ban ruwan shuka, ko bitar karatun yara, ko zagaya tsakar gida da sauri. Da dare ki riƙe kofin zoɓo marar sukari, ko ruwan citta da kanumfari. In baki na son tauna, ga yalo, ga kokwamba, ga ɗan gyaɗa cikin tafin hannu.

Na shida, ba a ce kin rabu da awara har abada ba. Ki sauya mata gida. Ki zaɓi rana ɗaya a mako, ki ƙayyade guda nawa tun kafin ranar, ki ci a cikin abincin rana tare da ganye. Da haka kin raba ta da la'asar da sallamar mai talla, kin kuma toshe tarkon "yau ɗaya dai."

Na bakwai, a madafa ɗanɗano ɗaya da bakin cokali ya isa. Ki zuba wa yara daidai cikinsu, in sun rage a rufe musu ko a ba mabuƙaci. Cikinki ba mazubin ragowa ba ne.

Na takwas, biki da suna da Sallah a shirya musu tun daga gida. Ki ci abincinki kafin ki fita. Ki yanke abin da za ki ci a can da abin da za ki ƙunso wa yara. Ki tanadi amsar da za ki ba mai matsa miki: "Yaya, wallahi na gode, likita ne ya sa mini doka." Babu mai jin haushin wannan.

Na tara, kada ki horar da kanki da yunwa. Mai tsallake karin kumallo da abincin rana ita ce ƙararrawar la'asar ta fi kayarwa. Ki ci mai riƙe ciki: wake, tuwon gero ko dawa daidai misali, zogale, rama, kifin miya ko gasasshe maimakon soyayye. Ki kuma samu isasshen barci, don ƙarancinsa na ƙara son zaƙi da maiƙo.

Na goma, ki jawo maigida cikin tafiyar. Ledar da yake shigowa da ita da dare soyayya ce, kada ki gwale shi. Ki zaɓi lokacin da yake cikin nishaɗi ki ce, "Baban yara, in za ka taho mini da tsaraba, kankana ko lemon ɓawo sun fi mini yanzu."

Kada kuma ki yi gaggawa. Wani bincike da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan, wanda ya fito a 2009, ya nuna cewa kafin sabuwar ɗabi'a ta zauna daram takan ɗauki kimanin kwana 66 a tsaka-tsaki, wasu kwana 18, wasu har 254. Ya kuma nuna kuskuren rana ɗaya ba ya rushe ginin. In kin zame yau, gobe ki koma kan tsarinki ba tare da zagin kai ba. Mako ukun da kika yi ba su isa ba ne kawai. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga kuma albishir. Wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2002, mai ɗauke da mutum fiye da 3,000 da ke bakin ƙofar ciwon sukari kamar ke, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan shirin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100 a tsawon kimanin shekara uku. Ga mai nauyin kilo 80, maganar kilo 5 zuwa 6 ake yi. Ba sai kin koma kamar budurwa ba.

Yaranmu ma suna koyo

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan duk lokacin da yaro ya yi kuka alawa ce ke rufe masa baki, mun koya masa cewa maganin ɓacin rai zaƙi ne, kuma da wannan darasi zai girma. A rarrashe shi da goyo, da wasa, da tatsuniya. Kada kuma biskit ya zama ladan cinye tuwo, don hakan na ƙara wa biskit ɗin daraja a idonsa. Amma fa ba a sa yaro dokar rage ci. Yaro mai tasowa abinci mai gina jiki yake buƙata, kuma a yankunanmu, musamman ƙauyukan da ambaliyar 2022 ta cinye wa gonaki, matsalar gidaje da yawa rashin isasshen abinci ce, ba yawansa ba.

A kula

Mai shan maganin ciwon sukari ko mai allurar insulin, in ta ji rawar jiki, gumi, jiri ko bugun zuciya, wannan ba kwaɗayi ba ne da za a ba minti 15. Sukarinta ne mai yiwuwa ya faɗi, ta sha abu mai zaƙi nan take, sannan ta sanar da likitanta. Mai juna biyu da mai shayarwa kada su shiga rage ƙiba sai da shawarar asibiti. Mai yawan marmarin farar ƙasa ko ƙanƙara ta je a auna jininta, don hakan kan zo tare da ƙarancin jini. Wadda kuma take cin abinci mai yawa a ɓoye har ta kasa tsayawa, ta bi shi da kuka ko ƙoƙarin amai, ta nemi likita, domin lalura ce mai magani, ba abin kunya ba.

'Yar uwata ta Haɗeja, ki fara da mai awara a wannan watan, ki bar maganar lemo sai wata mai zuwa. Ki koma asibiti a sake auna ki a ranar da aka ba ki, ki kuma rubuto mana yadda ta kaya. Sauran 'yan uwa ma ƙofa a buɗe take ga wasiƙunku. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma Ya ƙara mana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.